Yadda ake riƙe takobin Jin Sakai a wasan Ghost of Tsushima

Ghost of Tsushima ya fito ranar 17 ga Yulin 2020 a kan PS4. Kamfanin Sucker Punch na Amurka ne ya ƙera shi, Sony ta fitar da shi, daga baya aka yi na PS5 a 2021, na kwamfuta kuma a 2024. A gidajen wasa na Damagaram ƙwallo da Mortal Kombat ne ke cin kasuwa, domin wasanni ne na mutum biyu, a buga a biya a tashi. Wannan kuwa, da ake bin jaruminsa Jin Sakai, mutum ɗaya ke yin sa, yana cin lokaci, kuma ba ya ba da daɗinsa ga mai gaggawa. Masu fara shi sukan kasu biyu. Wasu su danne maɓallin sara ba ji ba gani har a kashe su, su ce wasan ya yi wuya. Wasu kuma su gano sanɗa tun da wuri, su ƙi fitowa fili sam, sai ranar da wasan ya tsayar da su gaba da gaba da mutum ɗaya, babu ciyawar ɓuya, su rasa yadda za su yi. Abin da nake ba da shawara shi ne ka bi hanyar da Jin kansa ya bi: ka fara ƙwarewa a takobi, sannan ka ɗauki kayan sanɗa a lokacin da labarin ya miƙo maka su.

Fara da sanin wanda kake riƙe da shi

Tsushima tsibiri ne na gaske, tsakanin Koriya da Japan. A 1274 rundunar Mongol ta Kublai Khan ta sauka a gaɓar Komoda, mahaya kusan 80 ƙarƙashin So Sukekuni suka tare ta, aka gama da su. Wannan tarihi ne. Jin Sakai, da kawunsa Shimura, da Khotun Khan mai jagorantar mamayar a cikin wasan, duk ƙirƙira ce da aka ɗora a kan wannan yaƙi.

Jin samurai ne, samurai kuwa barade ne na gidan sarauta, masu doki da sulke da kwalkwali. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni ranar hawan Sallah, ya ga yadda mahayi ke ɗauke da sunan gidansu a jikinsa, ya riga ya fahimci rabin halin Jin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Mahaifinsa Kazumasa an kashe shi a gaban idonsa, yana ɓoye, uban na kiran sa ya kasa fitowa. Wannan kunyar ba ta bar shi ba har girmansa. Shimura, ɗan'uwan mahaifiyarsa kuma shugaban tsibirin, shi ya ɗauke shi ya rene shi, ya koya masa cewa barde ba ya sarar mutum ta baya, ba ya bari fushi ya ja shi, kuma yana kallon idon wanda zai kashe.

A Komoda wannan tarbiyyar ta ci karo da abokin gaba da bai san ta ba. Barden farko da ya fita ya nemi fito-na-fito, Khotun ya watsa masa giya ya cinna masa wuta. Aka kama Shimura, aka bar Jin a kan an kashe shi. Wata ɓarauniya mai suna Yuna ce ta ja shi ta yi jinyarsa, ita ce kuma ta fara nuna masa cewa mutum ɗaya ba zai ci sansani ba sai da sanɗa. Daga nan labarin ya zama na mutum mai son ceton kawunsa da hanyar da kawun ya haramta. Jama'a suka sa masa suna Fatalwa. Ba zan faɗi ƙarshen ba, domin ya cancanci ka gan shi da idonka.

Ka san wannan tun yanzu: wasan ba ya ƙidaya maka laifin sanɗa. Ko ka yi ta ko ba ka yi ba, labarin hanyarsa ɗaya, sai zaɓi guda a can ƙarshe.

Shirya wurin kafin ka taɓa takobi

Idan a gidan wasa kake, roƙi mai wurin ya buɗe maka naka suna a cikin na'urar, don kada wani ya zo bayanka ya ɗora a kan ajiyarka. Wasan na ajiye kansa, amma ka saba da ajiyewa da hannu duk lokacin da ka gama wani babban aiki, saboda ɗaukewar wuta. Duba telen ko tana da yanayin wasa a cikin saitinta, ka kunna shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wasu telen na jinkirta hoto kaɗan, kuma duk faɗan Jin a kan wannan ɗan kaɗan ɗin yake. Manet mai sandar da ke tafiya da kanta ma ka canza ta. Lokacin zafi kada a cusa PS4 cikin akwati ko a rufe ta da tsumma saboda ƙura, wannan wasan na sa fankarta ihu.

Akwai Faransanci a cikin harsunan wasan, kana iya barin muryoyi da Japananci ka sa rubutu da wanda kake karantawa. Fara a matsakaicin wuya. Wasan na manya ne, akwai jini da yawa, ana iya kashe nuna jinin a saiti, amma duk da haka ba na ƙananan yara ba ne.

Koyi L1 kafin Murabba'i

A kan manet, maɓallin Murabba'i sara ne mai sauri. Alwatika sara ne mai nauyi da ke karya tsaron abokin gaba. Da'ira gocewa ce, idan ka buɗe dabarar mirginawa kuma ka danna sau biyu Jin ya mirgina. L1 idan ka riƙe shi tarewa ce, idan kuma ka taɓa shi daidai lokacin da sara ke isowa, Jin ya kaɗe takobin mutumin ya bar shi a buɗe. Wannan kaɗewar ita ce ƙashin bayan wasan gaba ɗaya.

Na ga wani yaro a wani gidan wasa a Sabon Gari yana fama da mai garkuwa. Babban yatsansa na kan Murabba'i kamar zai huda manet, takobin na ta ƙara a jikin garkuwar, mutumin bai ko motsa ba, wani mai mashi kuma ya zagayo ta baya ya soke shi. Ya juyo ya ce da mai wurin, "Yaya, wannan ba ya mutuwa ne?" Mai wurin ya karɓi manet, ya ja baya taku biyu, ya tsaya cik. Mai garkuwar ya kawo sara, ya taɓa L1 sau ɗaya, ya bi shi da sara biyu, shi ke nan. Bai danna maɓalli ya kai biyar ba.

Ga yadda za ka horar da hannunka. Nemi 'yan sintiri biyu ko uku a kan hanya a Izuhara, yankin kudu inda wasan ke farawa. Kashe duka ka bar mai takobi ɗaya. Kada ka sare shi. Ka bar shi ya yi ta kawo hari, kai kuma kana kaɗewa kawai, kana kallon kafaɗarsa da hannunsa, ba sandar ranka da ke ƙasan allo ba. Idan ka kaɗe sau da yawa a jere ba tare da an taɓa ka ba, sai ka gama da shi ka nemi wani. Za ka ga kamar ɓata lokaci ne, amma duk abin da zai zo nan gaba a kan wannan zai tsaya.

Sai walƙiyar da ke fita a makamin abokin gaba. Ja tana nufin wannan saran ba ya taruwa, goce da Da'ira, kuma taku ɗaya gefe ya fi mirginawa, domin mirginawa na nisanta ka da mutumin har ka rasa damar rama. Shuɗiya kuwa tana nufin riƙe L1 ba zai cece ka ba, amma ana iya kaɗe ta daidai lokaci idan ka buɗe dabarar da ta dace. Maharba kuma sukan yi ihu kafin su saki kibiya don 'yan'uwansu su sunkuya. Da ka ji ihun ka goce.

Makin farko da ka samu na buɗe dabaru, zuba su a reshen kaɗewa: cikakkiyar kaɗewa wadda ke rage gudun lokaci ta ba ka sara mai kisa, sannan tare kibiya, sannan kaɗe mashi. Bama-bamai su jira.

Azama

A saman sandar rai akwai ƙananan da'irori masu ruwan zinariya. Su ne azamar Jin. Ba a shan magani a wannan wasan. Idan ka ji rauni sai ka danna kibiyar ƙasa, da'ira ɗaya ta tafi, rai ya ƙaru. Azama na dawowa ne ta kaɗewa da kisa da cin fito-na-fito, wato mai gudu ba ya warkewa, sai wanda ya tsaya. Wuraren saran gora na ƙara yawan da'irorin, inda ake nuna maka jerin maɓallai ka danna su da sauri ba kuskure. Maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙara tsawon rai, sai dai Jin na tuɓewa ya shiga, idan akwai manya ko ƙanne a ɗakin ka san da haka.

Tsayuwa huɗu

A nan wasan ke buɗewa. Riƙe R2, lokaci zai lafa, sai ka zaɓi tsayuwa da maɓallan dama. Tsayuwar Dutse, wadda ka fara da ita, ta masu takobi ce. Ta Ruwa ta masu garkuwa ce. Ta Iska ta masu mashi ce. Ta Wata ta ƙartin nan ce masu gatari da manyan makamai. Sirrin shi ne tsayuwar da ta dace tana aiki ne ta Alwatika: sara mai nauyi biyu ko uku ya karya tsaron mutum ya sa shi tangaɗi, sannan ka gama da Murabba'i. Wanda ya canza tsayuwa ya ci gaba da danna Murabba'i kaɗai bai ci ribar canjin ba.

Ana buɗe tsayuwa ne ta hanyar shugabannin sansanonin Mongol, masu sulke mai nauyi. Kashe shugaba na ba da maki ɗaya. Amma idan ka lallaɓa kusa ba a gan ka ba, ka tsaya ka kalle shi yana atisaye har wasan ya ce ka gama nazarinsa, ka samu maki, ka kashe shi ka ƙara wani. Shugaba ɗaya, maki biyu. Da haka za ka iya samun Ruwa da Iska tun kafin ka yi nisa a labari, kuma ina ganin bai kamata kowa ya tunkari ganuwar Kaneda, inda ake tsare da Shimura, ba tare da su ba.

A cikin taro kada ka tsaya a tsakiya. Ja baya har su jeru a gabanka, juya kyamara da sandar dama kullum, ka fara da maharba idan suna kusa, sannan masu mashi, domin su ke katse maka sara daga nesa. Ƙato ka bar shi ƙarshe. A tsayuwar Iska, idan ka buɗe dabarar, riƙe Alwatika na sa Jin ya yi harbi da ƙafa, wanda ke jefar da mutum, idan kuwa bakin dutse ne ko gada, an gama. Sigar 2021 ta ƙara zaɓin kafe ido a kan mutum ɗaya, yana da amfani a faɗan mutum biyu, amma cikin taro yana hana ka ganin bayanka.

Fito-na-fito

Idan ka tunkari abokan gaba ba su gan ka ba, wasan zai ba ka damar kiran su da kibiyar sama. Ɗaya zai fito. Riƙe Alwatika, kada ka saki sai ya kawo hari na gaske, sara ɗaya ya faɗi. Idan ka saki da wuri, za a bar ka da ɗan rai kaɗan a tsakiyar mutane.

A farkon wasa suna kawo harin kai tsaye. Daga baya sai su fara yaudara: ya yi ihu, ya girgiza kafaɗa, ya ɗaga makami kamar zai zo. Kada ka kalli hannunsa a nan, kalli ƙafafunsa. Mai yaudara ba ya barin inda yake, mai zuwa da gaske sai ya tako. Da dabaru za ka iya sare mutum uku a jere, da sulken gidan Sakai da aka gyara har ƙarshe kuma biyar. Ni dai ban san abin da ya kai wannan daɗi a wasan ba, kuma yana cika azama kafin faɗan ya fara.

Bi iska, ka gyara kaya

Babu ƙaramar taswira a allo. Shafa faifan tsakiyar manet zuwa sama, iska za ta kaɗa ta nuna inda ka sa alama. Tsuntsu mai ruwan ɗorawa na kai ka wurin da ba ka sani ba, yanyawa kuma na kai ka inda ake ƙara gurbin layu. Layun nan da wuraren bautarsu al'adar Japanawa ce ta wancan zamani, haka wasan ya kawo ta, kuma a aikace ƙarin ƙarfi ne kawai. Wadda ta fi amfani ga mai koyo ita ce ta Mizu-no-Kami, mai faɗaɗa lokacin kaɗewa.

Tattara kaya duk inda ka shiga. Ƙarfe na takobi ne, gora da itace na baka, lilin da fata da siliki na sulke, fatun namun daji kuma na ƙara yawan abin da kake ɗauka. A Haikalin Zinariya da ke Izuhara akwai maƙeri da mai sulke da mai baka wuri ɗaya. Takobi za ka fara gyarawa, sai sulke ɗaya da ka zaɓa, kada ka raba dukiyarka a kan riguna biyar. Je wurin Ishikawa, tsohon gwanin harbi, da wuri don ka samu baka, je wurin Masako, uwargidan gidan Adachi, don sulken samurai. Idan ka gamu da mawaƙi Yamato, zauna ka saurare shi, labaransa ne ke kai ka ga manyan dabaru. Na farko da za ka nema shi ne saran sama, Alwatika da Da'ira tare, wanda ba ya taruwa kuma azama ɗaya yake ci.

Sannan ka zama Fatalwa

Yanzu da hannunka ya faɗa, ɗauki kayan Yuna. R3, wato danna sandar dama ciki, na sa Jin ya sunkuya, doguwar ciyawa na ɓoye shi. Danna faifan tsakiya ka riƙe, zai kasa kunne ya nuna maka inda mutane suke ko ta bayan bango. Daga baya ko daga saman rufi, Murabba'i na kashewa shiru. 'Yar ƙararrawa da ake jefawa na janye mutum ɗaya daga cikin 'yan'uwansa. Ƙananan wuƙaƙen jifa na R1 na karya tsaron mutum biyu ko uku lokaci ɗaya, su ne abin ceto idan an kewaye ka. Bam ɗin hayaƙi na ba ka damar ɓacewa ko kisa a tsakiyar faɗa. Ƙugiyar da Taka, maƙeri ƙanen Yuna, ya ƙera maka ita ke kai ka saman hasumiya.

Kafin ka shiga sansani, zagaya shi. Hau wuri mai tudu, ƙirga maharban da ke sama, ka sauke su da baka tun daga nesa. Masu kwalkwali ƙaramin baka ba ya huda kansu, sai dogon baka. Kula da karnuka da gaggafa, suna tona asiri, da mai busa ƙaho da ke kiran ƙari.

Inda sanɗa ta zama dole shi ne sansanin da ke da fursunoni. Da an gan ka, wani zai ruga ya yanka su, za ka ga jar alama a kansa. A nan jarumtar fili na jawo mutuwar talaka, kuma a nan ne za ka ji a hannunka abin da ke raba Jin da kawunsa. Shimura na kare mutuncin gida da dokar da ta riƙe tsibirin, Jin na kallon manomin da ke ɗaure. Wasan bai mai da Shimura wawa ba, kuma ina girmama shi a kan haka: idan Jin ya kai ga amfani da guba, za ka ga abin da kawun ke tsoro ya faru, domin makamin ba ya tsayawa a hannun wanda ya fara shi.

Bayan yaƙin garin Yarikawa za ka samu tsayuwar Fatalwa. Kashe mutum bakwai ba a taɓa ka ba, ko yanka shugaba ta sanɗa, sai ka danna L3 da R3, wato sanduna biyun, tare. Allo ya canza launi, mutane su firgita, ka sare uku da sara ɗai-ɗai. Riƙe ta sai ƙarti sun fito.

Faɗan mutum biyu

A manyan karawa, kamar wadda za ka yi da Ryuzo abokin ƙuruciyar Jin, wasan na karɓe wuƙaƙe da bama-bamai da baka. Daga kai sai takobi da azama. Shiga da azama cike. Idan mai takobi ne, tsaya a Dutse. Zagayen farko kada ka damu da cin nasara, ka tsaya ka haddace jerin saransa: nawa yake kawowa a jere, wanne ne ja, a ina yake numfasawa. Rama da sara biyu ko uku kawai ka koma tsaro, kwaɗayin na huɗu ne ke kashe yawancin mutane. Sandar da ke saman ransa ta tsaronsa ce, Alwatika ke cin ta, idan ta ƙare ka zuba masa duk abin da kake da shi. Kada ka kashe azamarka duka a saran sama, bar biyu na magani. Idan an kashe ka sau da yawa har hannu ya fara rawa, ajiye manet, je ka yi sallah ko ka sha shayi a fada, ka dawo.

Wanda ke da sigar 2021 zai ga tsibirin Iki ya buɗe tun daga kashi na biyu na labarin, can ne aka kashe mahaifin Jin. Kada ka yi saurin tafiya. Mayaƙan can na canza makami a tsakiyar faɗa, daga takobi zuwa mashi zuwa garkuwa, don haka sai tsayuwa huɗun sun zauna a yatsunka. Akwai kuma bokayensu da ke tsayawa baya suna waƙa suna ƙara wa sauran ƙarfi. Da ka ji waƙar, ratsa ta cikin mutane ka fara da mai yin ta.